Stone Cold ko The Rock: wa ya riƙe zamanin Attitude?

Baban Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare gardama ta ɓarke a majalisarmu, har mai shayi ya kwashe kayansa ba mu watse ba. Maganar ita ce, a zamanin da ake kira Attitude a resilin na WWF, wato daga ƙarshen 1997 zuwa farkon 2001, wa ya fi ɗaukar nauyin harkar, Stone Cold Steve Austin ko The Rock? Ba wanda ya fi kuɗi yau nake tambaya ba, ba kuma wanda ya fi suna a duniya ba, wannan ko yaro ya sani. Ina neman wanda in aka zare shi ginin zai zube. Ni dai ina bayan Austin, amma ina so in ji hujjar kowa. Don Allah banda zagi.

Sani Mai Waya:
Wa alaikumus salam. The Rock mana. Ai ba a ma haɗa su. Mutumin da in ya ɗaga gira ɗaya kawai fili ke rikicewa.

Ɗan Fagge:
Malam Sani, gira ba hujja ba ce. Mu koma mu duba halin da kamfanin yake ciki kafin a san waye Rock.

A watan Satumba na 1995 kamfanin WCW, abokin hamayyar WWF, ya fara shirin Nitro ranar Litinin, daidai lokacin da WWF ke nuna Raw. A Yulin 1996 Hulk Hogan ya juya ya zama bos, ya haɗu da Scott Hall da Kevin Nash suka kafa ƙungiyar nWo. A tsakiyar shekarar nan WCW ta fara doke WWF a yawan masu kallo, ta yi mako 83 a jere tana kan gaba. Mako 83 fa, sama da shekara ɗaya da rabi. Manyan taurarin Vince McMahon, mai kamfanin WWF a lokacin, sun gudu sun bar shi, kuɗi na ƙarewa.

Wa ya fito da su daga ramin? Austin, mutumin da WCW ɗin ta kora ta waya a 1995 yana jinyar rauni. Ya zo WWF aka laƙaba masa wani suna maras gishiri, Ringmaster, aka haɗa shi da Ted DiBiase ya riƙa magana a madadinsa. Da kansa ya nemi canji, ya aske kai ƙwal, ya sa baƙin wando da baƙin takalmi, ba ado ba kwalliya. A Yunin 1996 ya ci gasar King of the Ring, ya yi maganar nan ta Austin 3:16, kafin ka ce kwabo alluna masu lambar sun cika fili.

Ranar da Raw ta karya mako 83 ɗin nan ita ce 13 ga Afrilu 1998, kuma abin da aka tallata a daren shi ne Austin zai kara da McMahon da kansa. A lokacin Rock yana riƙe da kambun Intercontinental, wanda ke ƙasa da babban kambu, yana tsakiyar jadawali, ba shi ake biyan kuɗi a gani ba.

Sani Mai Waya:
To ai shekarunsa ne ba su kai ba. Rock yana da shekara 26 ya ɗauki babban kambu a Nuwamban 1998. Austin fa, sai da ya haura talatin.

Ummu Nabila:
Ina wuninku. Ni tare da yayyena na taso ina kallon wannan abu, don haka ku ba ni fili.

Yaya Ɗan Fagge, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka tsaya a 1998 kamar nan labarin ya ƙare. A Nuwamban 1999 Austin ya tafi, wuyansa ya ƙi, aka shirya labarin cewa mota ta buge shi a taron Survivor Series, aka yi masa tiyata a farkon 2000. Kusan shekara guda ba ya wasa. In da maganar Baban Haidar ta zare mutum gini ya zube gaskiya ce, to ai an zare shi ɗin, kuma ginin bai zube ba. Shekarar 2000 tana cikin shekarun da kamfanin ya fi samun ciniki, kuma da yawa daga masu kallo sun ce a wajen ingancin wasa babu kamarta a zamanin. Wa ya riƙe ta? Rock da Triple H. Rock ya ci Royal Rumble a Janairu, suka yi ta fafatawa da Triple H har da wasan awa guda cur a watan Mayu. A Maris aka gayyace shi ya jagoranci shirin Saturday Night Live, mutanen da ba ruwansu da resilin suka san shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sannan shiri na biyu da kamfanin ya buɗe a 1999, SmackDown, daga bakin wa aka samo sunan? Daga kirarin Rock. Har yau ana nuna shi da wannan suna.

Baban Haidar:
Hajiya, wannan hujja ta shekarar 2000 ita ce aka ɗaure ni da ita jiya. Ban samu amsa a take ba. Amma da na kwanta na yi tunani: riƙe kasuwa bayan ta cika daban, tara mutane a fili wayam daban. Lokacin da Austin ya tafi an riga an ci yaƙin. WCW ta fara rugujewa tun 1999, WWF ta shiga kasuwar hannun jari a Oktoban shekarar. Rock ya gaji gida ne a gine.

Kuma ki tuna taron Backlash na Afrilun 2000. Rock ne ya karɓe kambu daga Triple H, amma ihun da ya fi ƙarfi a daren shi ne lokacin da aka ji ƙarar fashewar gilashi, Austin ya fito da kujerar ƙarfe, alhali bai ma warke ba.

Ummu Nabila:
Wanda aka daɗe ba a gani ba dole a yi masa ihu, Baban Haidar. Wannan marmari ne. Kuma cewa ya gaji gida a gine, ka manta shi ma da shi aka yi ginin. Wa Austin ya kara da shi a WrestleMania, babban taron shekara, ta 1999 a Philadelphia? Akta ba ya haske sai da bos na ƙwarai.

Abba Ƙarami:
Ni fa yayyena abin da ban gane ba, wasan nan an riga an rubuta wanda zai ci. To mene ne na gardama a kan wa ya fi? Wanda kamfani ya zaɓa shi ne ya fi, shi ke nan.

Ɗan Fagge:
Ƙanina, kamfani yana zaɓa, amma jama'a ke amincewa, kuma babu misalin da ya fi Rock kansa. A Nuwamban 1996 aka fito da shi da suna Rocky Maivia, ɗan gado ne, mahaifinsa Rocky Johnson ɗan resilin, kakansa Peter Maivia ma haka. Aka sa shi yana murmushi, aka ba shi kambun Intercontinental cikin 'yan watanni. Me ya faru? Jama'a suka tsane shi, suna masa ihun ba ma yi, wasu har suna rera masa fatan mutuwa. Sai da ya shiga ƙungiyar Nation of Domination a 1997 ya zama bos, ya fara zagin 'yan kallo da girman kai, sannan suka so shi.

Austin kuwa akasin haka. Bos aka shirya shi, jama'a suka ƙi tsanarsa. Ka nemi wasansa da Bret Hart a WrestleMania 13, Maris 1997. Bret ya murɗe masa ƙafafu da kamun Sharpshooter, jini na zuba daga goshinsa har cikin baki, ya ƙi sallamawa har ya suma, alƙalin wasa Ken Shamrock ya tsayar. An shiga fili Bret ne akta Austin bos, aka fito sun yi musanya. Kuma gasar King of the Ring ɗin ma ba shi aka yi niyyar bai wa ba, Triple H ne, aka fasa saboda ana hukunta shi kan wani laifi da ya yi a Madison Square Garden.

Sakamako a rubuce yake, wannan gaskiya ne. Karayar wuya ba a rubuce take ba. A SummerSlam ta Agustan 1997 Owen Hart ya sauke Austin a kan kansa bisa kuskure, mutumin ya kwanta jikinsa ya mutu na ɗan lokaci, da jan ciki ya ƙarasa wasan. Duk abin da ya yi bayan haka da lalataccen wuya ya yi shi.

Kawu Garba:
Salamu alaikum yara. Na karanta duka. Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki.

Ni shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa mota a ƙarƙashin wasu. Akwai wani maigida da na yi wa aiki, ba zan faɗi wurin ba, in ka makara minti biyar ya yanke maka kuɗin yini, in shi ya riƙe albashinka wata biyu ba ka isa ka ɗaga ido ba. Ranar da na fara ganin kaset ɗin da Austin ya kama maigidansa ya yi masa Stunner, kayen da aka san shi da shi, a gaban duniya, wallahi sai da na miƙe tsaye a gidan kallo. Ba na jin Turancin da suke yi sosai, amma wannan ban nemi tafinta ba. Duk wanda ke wurin, lebura, makaniki, ɗan dako, kowa yana da nasa McMahon ɗin.

Don haka ni amsata Vince McMahon. Shi ne mai kamfanin na gaskiya a lokacin, kuma ya yarda a wulaƙanta shi kowane mako don kasuwa ta tafi. An cika masa mota da siminti, an bi shi har gadon asibiti an buga masa tasa a ka, an yi masa wanka da tiyo shi da ɗansa. Wane attajiri ne zai yarda da wannan? Cire shi ka gani, Austin wa zai daka? Mutum ne kawai mai faɗa da kowa.

Injiniya Bashir:
Kawu ya kawo magana mai nauyi, bari in ƙara mata ranaku. Stunner ta farko a kan McMahon ta faru 22 ga Satumba 1997 a Madison Square Garden. Lokacin yawancin masu kallo mai sharhi suka ɗauke shi. Abin da ya mai da shi bos shi ne Montreal a Kanada, 9 ga Nuwamba 1997. Bret Hart zai koma WCW, ya ƙi yarda ya sha kaye a hannun Shawn Michaels a ƙasarsa, sai McMahon ya sa aka kaɗa ƙararrawa ba tare da Bret ya sallama ba. Wannan ba shiri ba ne, cin amana ne na gaske a gaban kyamara. Jama'a suka tsani McMahon tsana ta haƙiƙa, shi kuma maimakon ya ɓuya sai ya mai da tsanar jari.

Amma Kawu, ka lura da tsarin. Austin ya riga ya yi zafi kafin Montreal da wata takwas. Sannan a Maris 1998 a Boston ya karɓi kambu daga Shawn Michaels, Mike Tyson yana gefe, kuma hatsaniyar da suka yi da Tyson a Janairu ita ta ja hankalin jaridun da ba sa kula resilin. McMahon ya gwada irin wannan rigima da wasu daga baya, ba ta taɓa kai wannan ba. Wuta ta riga ta kama, shi fetur ya zuba.

Kawu Garba:
To Injiniya, wutar da ba a ƙara mata itace ai toka take zama. Na tsaya a kan bakana.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan mutanen kokowa ne, duk shekara muna bin gasar takobi, don haka da wannan ido nike kallon abin. A kokowa akwai wanda ake zuwa gani don kayensa, akwai wanda tun daga shigowarsa fili, kirarinsa da takunsa, jama'a sun riga sun ci kuɗinsu. Rock na biyun ne. In ya ɗauki makirfo dubban mutane ke ƙarasa masa magana kamar amshin waƙa. Ban ga wanda ya kai shi nan ba, kafinsa ko bayansa.

Amma zan faɗi wani abu da ba wanda ya taɓo. Mu fa ba kowane Litinin muke gani ba kamar mutanen Amurka. Kaset ke zuwa, wani lokaci bayan watanni, kuma ba a jere ba. Za ka ga wasan 1999 yau, jibi a kawo na 1997. Maganganun nan masu tsawo mai gidan kallo wucewa yake da su, saboda mai na ƙonewa a inji. To a unguwarmu wanda yara suka fi sani ba Austin ba ne, ba Rock ba ne, Undertaker ne. Shi ba ya buƙatar fassara. Fitila ta mutu, ƙararrawa ta buga, kowa ya yi tsit.

Sani Mai Waya:
Wallahi haka ne, mu ma a wajenmu Andateka ake cewa. Har musu ake yi ko mutum ne ko aljani. Da ƙaninsa Kane ya fito a 1997 ya ɓalle ƙofar keji, an yi mako ana zancen.

Malam Auwalu:
Ni ina da wata damuwa, ku yi haƙuri in na fita daga layi. Na kalli waɗannan wasanni ina saurayi, kuma na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Amma yau ina da 'ya'ya. Austin da kuke yabo, alamarsa ita ce shan giya a fili da nuna wa mutane yatsa. Lambar 3:16 kanta daga ina ta fito? Abokin karawarsa Jake Roberts yana yawan ambaton Littafi Mai Tsarki, shi ne ya ɗauki lambar ayar Yohanna 3:16 ya yi masa ba'a da ita. Mun sa rigunan nan ba mu san ma'anarsu ba. Ba addinina ba ne, amma ba na son a yi wa addinin kowa haka. Kuma yadda aka riƙa nuna mata a zamanin abin kunya ne. Rock ma bakinsa ba tsarki gare shi ba. In ana lissafin wa ya gina zamanin, a lissafa har da abin da aka gina shi da shi.

Ummu Nabila:
Malam, na yarda da kai kan maganar mata ɗari bisa ɗari, akwai wuraren da yayyena ke kashe bidiyo in an zo. Duk da haka a cikin wannan ƙazanta Chyna ta ci kambun Intercontinental a 1999, kambun maza, Lita kuma tana tsalle daga saman igiya kamar kowane namiji. Su ma sun sha wuya, ba a cika tuna su ba.

Baban Haidar:
Malam Auwalu, maganarka a kan hanya take, kuma ni ma ba kowane kaset zan sa wa Haidar ba. Amma tambayar ba wa ya fi tarbiyya ba ce. McMahon da kansa ya fito a Disamban 1997 ya sanar cewa sun bar salon yara, za su koma na manya. Wanda ya fi dacewa da wannan salo shi ne wanda zamanin ya ɗauki kamanninsa, kuma baƙar riga mai ƙoƙon kai ce tambarin zamanin.

Injiniya Bashir:
Kada a rufe maganar ba a ambaci Mick Foley ba. Yunin 1998 a Pittsburgh, Undertaker ya jefo shi daga saman keji ya faɗa kan teburin masu sharhi, aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya, ya sauko ya sake hawa, rufin kejin ya ɓurme da shi. Haƙorinsa a hanci aka gan shi.

Sannan 4 ga Janairu 1999. An riga an naɗi shirin Raw, sai WCW ta sa mai sharhinta Tony Schiavone ya tona cewa Foley zai ci kambu a can, don a raina abin. Dubban ɗaruruwan masu kallo suka juya tasha a take suka koma Raw. Wa Foley ya kayar? Rock. Wa ya shigo da kujera ya taimaka masa? Austin. Dare ɗaya, su uku, kowa da aikinsa. A wannan daren ne kuma WCW ta sa Hogan ya taɓa Nash da yatsa ya faɗi, aka ba shi kambu.

A lissafin masu kallo ma an raba. Shirin Rock da Foley na Satumban 1999, wanda babu ko kokawa a ciki sai surutu, ya kai maki 8.4. Wasan Austin da Undertaker na Yunin shekarar ya kai 9.5.

Sani Mai Waya:
To ka gani, Rock da baki kawai ya kusa kamo abin da mutum biyu suka yi da gumi.

Ɗan Fagge:
Da Foley a gefensa, Malam Sani, kuma Foley ne ya ja shirin. Ni hujjata ta ƙarshe ita ce yadda zamanin ya mutu. A Maris 2001 McMahon ya sayi WCW, Nitro ta ƙarshe 26 ga wata. Kwana shida bayan haka, 1 ga Afrilu, WrestleMania a Houston, jihar Texas, gidan Austin, mutum sama da dubu 67. Austin ya yi ta jibgar Rock da kujera da taimakon McMahon, ya ci, sannan ya miƙa wa McMahon hannu suka gaisa. Mai sharhi Jim Ross kamar zai yi kuka. Yawancin mutane a nan suke sa ƙarshen Attitude. Ba ranar da Rock ya tafi yin fim ba, ranar da Austin ya yi sulhu da maigida. Abin da ya mutu da mutuwar rigimarsu, rigimarsu ce ransa.

Kawu Garba:
Ɗana ka dawo kan maganata ke nan. Rigimar mutum biyu ce, ba ta mutum ɗaya ba.

Ummu Nabila:
Ko kuma a ce bayan wannan dare Rock ya tafi na wasu watanni, aka bar Austin yana bos, masu kallo suka fara raguwa. Kuna cewa sulhun ne ya jawo, ni ina cewa rashin Rock yana ciki. A 2000 an zare Austin ba a ji a jika ba, a 2001 an zare Rock an ji. Ku ba ni amsar wannan.

Baban Haidar:
Hajiya, a 2001 ba Rock kaɗai aka zare ba, an zare Austin ɗin da mutane suka sani, an kuma zare abokin gaba, tunda WCW ta mutu. Abu uku a lokaci ɗaya, ba za a ɗora wa ɗaya ba. Amma na karɓi shekarar 2000, ta Rock ce, ba zan ƙara musu a kai ba. 1997 da 1998 kuma ban ga wanda zai ƙwace su daga hannun Austin ba, kuma su ne shekarun da ake tsakanin rai da mutuwa.

Abba Ƙarami:
Na je na kalli na Bret Hart ɗin da Yaya Ɗan Fagge ya ce. Kai! Jinin nan na gaske ne? Kuma sau nawa Austin da Rock suka haɗu a WrestleMania?

Injiniya Bashir:
Na gaske ne. Sau uku suka haɗu: 1999, 2001, da 2003 a Seattle. Austin ya ci biyun farko, Rock ya ci na ƙarshe, kuma daga shi Austin ya ajiye wasa saboda wuyansa, bai sake karawa ba sai 2022 da Kevin Owens. Ka fara da na 2001.

Malam Auwalu:
Kun ambaci Owen Hart sau ɗaya, a kan kuskuren da ya yi kawai. A Mayun 1999 a Kansas City ya faɗo daga saman rufin fili lokacin da ake sauko da shi da igiya, ya rasu yana da shekara 34, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Kuma aka ci gaba da wasa a daren. Wannan ma a cikin zamanin ne.

Ɗan Damagaram:
Kaset ɗin wannan dare bai taɓa zuwa mana ba. Sai bayan shekaru na ji labarin, lokacin ina ta tambayar mai gidan kallo ina ƙanin Bret ya shiga.